Cire rini daga yadin roba: yadda ake yi, sinadaran da ake amfani da su, da haɗarinsu

Duk wanda ya taɓa jiƙa rigar ƙwallo ko yadin tergal a ruwan jabel, wato bilic, da nufin kashe launinsa ya san abin da ke biyo baya. Auduga takan koɗe cikin mintuna kaɗan, amma yadin roba yakan fito kusan yadda ya shiga. Dalilin haka shi ne rinin irin wannan yadi yana narke ne a cikin jikin zaren, inda ruwa ba ya kaiwa. Fitar da shi na buƙatar sinadarai masu narkarwa, da zafi mai yawa, da rufaffun tukwane na masana'anta. Wahalar wannan aiki da tsadarsa na cikin manyan dalilan da suka sa har yanzu ba kasafai ake mayar da tsofaffin tufafi sababbi ba, alhali diloli na gwanjo na ci gaba da sauka a kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Mene ne zaren roba

Zaren roba shi ne wanda ake haɗawa a masana'anta daga sinadaran da akasarinsu daga man fetur da iskar gas ake samo su. Masana na kiran kayan da ake yin sa da shi polima, wato ƙananan ƙwayoyin sinadari iri ɗaya da aka ƙulla juna suka zama doguwar sarƙa. Ana narkar da polimar, a tura ta ta ƙananan huji, ta fito sili-sili, a miƙar da ita ta zama zare.

Iri huɗu ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko shi ne poliyesta. Masana biyu, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson, ne suka yi rajistar ƙirƙirarsa a Ingila a 1941, lokacin suna aiki a wani kamfanin buga atamfa na birnin Mancesta. An sayar da shi da sunan Terylene a Ingila, Dacron a Amurka, sannan Tergal a Faransa, sunan da teloli a ƙasashen da ke amfani da Faransanci suke kiran yadin da shi har yau. Polimar da ake yin sa da ita, wadda ake taƙaita sunanta da PET, ita ce dai ake yin gorar ruwan sha da ita. Na biyu shi ne nailan, wanda Wallace Carothers da abokan aikinsa suka haɗa a kamfanin DuPont na Amurka a 1935. Sai akirilik, da ake saƙa rigunan sanyi da barguna da zaren saƙar huluna da shi. Na huɗu shi ne polifirofilin, na tabarmar roba da igiya da buhunan hatsi.

Poliyesta ne kan gaba nesa ba kusa ba. Alƙaluman ƙungiyar Textile Exchange sun nuna cewa a 2023 duniya ta samar da zare kimanin tan miliyan 124, kuma kashi 57 cikin 100 na wannan adadi poliyesta ne. Saboda haka yawancin binciken da ake yi kan cire rini a kansa ya karkata.

Yadda rini ke shiga poliyesta

Auduga tana shan ruwa, shi ya sa rinin da aka narkar a ruwa ke ratsa ta. A marinar gargajiya irin ta Ƙofar Mata a Kano, shuni kan shiga zaren auduga yana narke, iska ta buge shi ya daskare, wani a ciki wani a bayan zaren. Wanda ya rage a baya shi ne ke shafar jikin mai sanye da turkuɗi.

Poliyesta ba haka yake ba. Ruwan da yake sha bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, kuma sarƙoƙinsa a matse suke. A wasu wurare na zaren sun jeru tsaf sun manne da juna, babu abin da ke iya kutsawa. A wasu wuraren kuma sun cukuikuye, akwai ƴan ƙananan sarari a tsakaninsu. Idan zaren na cikin sanyi ko ɗumin ɗaki, waɗannan sarari a rufe suke. Sai zafi ya haura digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyos sannan sarƙoƙin da suka cukuikuye ke fara motsi, hanya ta buɗe.

Rinin da ya dace da wannan zare wani iri ne da ba ya narkewa sosai a ruwa. Ana niƙa shi ya yi laushi ƙwarai, a watsa shi cikin ruwa yana yawo kamar ƙura, shi ya sa ake iya kiransa rinin watse. An fara haɗa shi a Ingila a shekarun 1920 domin zaren asitet, daga baya aka ga ya dace da poliyesta. A masana'anta ana rina yadin ne a rufaffiyar tukunya mai matsi, a zafin da ya kai digiri 130. A wannan zafi ƙwayoyin rinin na barin ruwan su shiga cikin zaren su narke a jikinsa. Da an huce, sarƙoƙin sai su koma su tsaya cik, rinin ya kulle a ciki.

Misalin da ya fi kusa shi ne launin alewa. Ba a wanke jan alewa ta koma fara, domin launin ya gauraye da sukarin. Haka lambobi da zanen da ke jikin yawancin rigunan ƙwallo: ana ɗora takarda mai rini a kan yadin, a danna da ƙarfe mai zafin kusan digiri 200, rinin ya zama tururi ya shige cikin zaren.

Me ya sa jabel da hodar marina ba sa isa

Hanyoyi biyu ne aka saba kashe launi da su. Ta farko ita ce jabel da danginsa, waɗanda ke ƙone ƙwayar rini. Ta biyu ita ce haidurosalfait, farar hodar nan mai wari da masu rinin shadda ke haɗawa da soda. Dukkansu a cikin ruwa suke aiki, kuma sai sun taɓa ƙwayar rinin kafin su lalata ta. Tunda ruwa ba ya shiga poliyesta, iyakarsu bayan zaren.

Masana'antun rini na amfani da wannan iyaka da gangan. Bayan an rina poliyesta, akan wanke shi da haidurosalfait da soda a zafin digiri 70 zuwa 80, domin a kawar da rinin da ya maƙale a waje wanda zai iya zuba a wanki. Launin da ke ciki ba ya taɓuwa. Idan kuwa rinin ya lalace, misali ya yi dabbare-dabbare, kuma ana so a rage shi a sake, sai an mayar da yadin tukunyar matsi a zafin digiri 120 zuwa 130, a ƙara sinadaran da ke kumbura zaren da masu jan rini waje. Ko da hakan, sau da yawa launin raguwa kawai yake yi, sai a rufe kuskuren da rini mai duhu.

Yadda ruwan narkarwa ke aiki

Ruwan narkarwa shi ne duk sinadari mai ruwa-ruwa da ke narkar da abin da ruwan sha ba ya iya narkarwa, kamar yadda kananzir ke narkar da kwalta ko tina ke narkar da fenti. Domin cire rini daga poliyesta, ana neman wanda zai yi ayyuka biyu a lokaci ɗaya. Dole ya iya kutsawa cikin zaren ya kumbura shi, ta yadda sarƙoƙin za su saki jiki a zafin da bai kai na rini ba. Dole kuma ƙwayar rinin ta fi son zama a cikinsa fiye da zama a cikin zaren. Sharaɗi na uku shi ne kada ya narkar da zaren kansa, in dai ana so yadin ya fito da siffarsa.

Rinin ba ya fita gaba ɗaya a jiƙo guda. Yana rabuwa ne tsakanin zaren da ruwan har sai an kai wani mizani, daga nan fitar ta tsaya. Shi ya sa ake sauya ruwan sau da yawa. A ɗauka, domin misali kawai, kowane jiƙo na fitar da kashi 70 cikin 100 na rinin da ya tarar. Bayan jiƙon farko saura kashi 30, bayan na biyu saura kashi 9, bayan na uku saura ƙasa da kashi 3. Jiƙo uku da ruwa kaɗan-kaɗan ya fi jiƙo ɗaya da ruwa mai yawa. A manyan injuna akan sa yadin ya riƙa tafiya ta wata fuska, ruwan narkarwar kuma ta kishiyar fuskar, domin yadin da ya kusa fari ya haɗu da ruwa mafi tsabta.

Abubuwan da ke ƙayyade nasara su ne zafi, tsawon lokacin jiƙo, yawan ruwan idan aka kwatanta da nauyin yadin, kaurin zaren, da irin rinin. Baƙi da shuɗi mai duhu sun fi wuya, domin rinin da ke cikinsu ya fi yawa kuma yawanci gaurayen launuka ne da dama.

Sinadaran da aka fi amfani da su

Mafi shahara a ɗakunan bincike su ne uku da aka fi sani da gajerun sunayensu: DMF, wanda ke tafasa a digiri 153, DMSO, a digiri 189, da NMP, a digiri 202. Tsayin ma'aunin tafasarsu ne ke ba da damar a ɗumama su sama da digiri 100 ba tare da tukunyar matsi ba. Suna kumbura poliyesta sosai kuma suna narkar da rinin watse cikin sauƙi.

Akwai kuma etilin gilaikol, ruwan da ake haɗa maganin sanyaya injin mota da shi, wanda ke tafasa a digiri 197. Amfaninsa shi ne yana ɗaya daga cikin sinadarai biyu da ake haɗa poliyesta da su tun farko, don haka ɗan abin da ya rage a jikin zaren ba baƙo ba ne. Ƙarfinsa na jan rini bai kai na ukun farko ba, sai an ƙara zafi. Ana kuma gwada benzil alkohol da asid ɗin da ke cikin binega idan an tace shi ya zama tsantsa. Sinadarai masu kulorin, irin su daikulorometan da kulorobenzin, suna aiki, amma gubarsu ta sa masana'antu ke kauce musu.

Wata hanya ta daban ita ce iskar kabon dayoksaid. Idan aka matse ta sama da ba 74, wato ninki 70 da ɗoriya na matsin iskar da ke kewaye da mu, kuma zafinta ya haura digiri 31, takan shiga wani hali tsakanin iska da ruwa, inda take narkar da rinin watse. Kamfanin DyeCoo na ƙasar Holan ya ƙera injunan rina poliyesta da ita ba tare da ruwa ba, kuma masu bincike na juya dabarar domin fitar da rini. Da an sassauta matsin, iskar sai ta tashi ta bar rinin a bushe. Cikas ɗinta shi ne tsadar tukwanen da za su jure irin wannan matsi.

Tun kafin maganar sake sarrafa tufafi ta taso, ɗakunan binciken ƴan sanda na amfani da wannan ilimi. Sukan ɗauki silin zare guda da aka tsinta a wurin da aka aikata laifi, su fitar da rininsa da ɗigon sinadari a cikin siririn bututun gilashi, su kwatanta shi da na tufafin wanda ake tuhuma.

Matakan aikin a masana'anta

Aikin kan fara da tantancewa. Ana ware poliyesta tsantsa daga gauraye, da hannu ko da na'urar da ke haska yadi da wani haske ta gane irin zarensa. Sai a cire maɓallai da zif da roba da tambari, a yayyanka tufafin ƙanana, a wanke, a busar sosai. Busarwar na da muhimmanci domin danshi a zafi mai yawa yana tsinka sarƙoƙin poliyesta.

Daga nan sai a zuba yankakken yadin a rufaffiyar tukunya, a tura ruwan narkarwa mai zafi, yawanci tsakanin digiri 100 da 150, a riƙa juyawa. A tsiyaye ruwan da ya rine, a sake zuba sabo, har launin ya kai yadda ake so. Sai a matse, a ɗauraye, a busar a cikin injin da ke tare tururin kada ya fita.

Matakin da ke yanke hukuncin riba ko hasara shi ne maido da ruwan narkarwar. Ana tafasa shi a tare tururinsa ya koma ruwa mai tsabta, rinin ya rage a gindin tukunya kamar kwalta. Wasu kuma kan tace shi da gawayi na musamman mai tsotse launi. Tafasa sinadarin da ba ya tashi sai kusan digiri 200 na cin makamashi mai yawa, kuma ko kaɗan ne ya salwanta a kowane zagaye, kuɗinsa na taruwa. Wannan ne ya sa farin zaren da aka samu ta wannan hanya ke shan wahalar gogayya da sabon poliyesta a farashi, musamman idan man fetur ya yi araha.

Zaren ma ba ya fita lafiya lau. Yakan tsuke, yakan yi tauri ko ƙarfinsa ya ragu. Don haka ba kasafai ake mayar da yadin da aka cire wa rini wurin tela ba. Narkar da shi ake yi, a zafin da ya haura digiri 250, a sake jan sabon zare.

Narkar da zaren ko wargaza shi

Wasu kamfanoni sun zaɓi su wuce kumbura zaren, su narkar da shi ɗungurungum a cikin ruwan narkarwa mai zafi, su tace datti da launi, sannan su sake daskarar da polimar. Kamfanin Worn Again Technologies na Ingila na bin irin wannan hanya domin raba poliyesta da auduga a yadin da aka gauraya su.

Wasu kuma wargaza sarƙar suke yi ta koma ƙananan ƙwayoyin da aka haɗa ta da su. Idan aka dafa poliyesta a etilin gilaikol a kusan digiri 200 tare da sinadarin da ke hanzarta aikin, yakan koma wani sinadari da ake kira BHET. Idan da metanol aka dafa shi, yakan koma DMT da etilin gilaikol. Ƙananan ƙwayoyi sun fi doguwar sarƙa sauƙin tsarkakewa: ana iya tace su da gawayi, ko a bar su su daskare su fita daga ruwan mai launi, ko a tafasa su a tare. Kamfanin Teijin na Japan ya fara irin wannan tsari a farkon shekarun 2000, kuma kamfanin Eastman na Amurka ya buɗe babbar masana'antar metanol a garin Kingsport na jihar Tennessee a 2024. Ko a nan, yawancin masu aikin kan fara rage rinin da ruwan narkarwa, domin rinin da ya dahu ya farfashe yana barin launin rawaya mai wuyar fita.

A Faransa, kamfanin Carbios da ke Clermont-Ferrand na amfani da enzayim, wato sinadarin halitta, a maimakon zafi mai tsanani. A 2020 masu bincikensa tare da na birnin Toulouse sun wallafa a mujallar Nature cewa enzayim ɗinsu ya wargaza kashi 90 cikin 100 na PET cikin awa 10. Enzayim ɗin sarƙar poliyesta kaɗai yake yankawa, sai rinin ya rage a ware shi.

Sauran zaruruwa da launukan da ba sa fita

Abin da ya yi wa poliyesta aiki yana iya hallaka wani zaren. DMF na narkar da akirilik baki ɗaya, hasali ma da shi ake narkar da polimar a ja zaren a masana'anta. Haka yake yi wa zaren nan mai talewa da ake sakawa a wandunan jins da matsattsun kaya. Asiton, ruwan goge jan farce, na narkar da yadin asitet da ake yin shafin kwat da shi.

Nailan ya fi poliyesta shan ruwa, kuma rininsa maƙalewa yake yi a wasu gurabe na sarƙar. Ana iya sassauta shi da ruwan zafi mai ɗan soda tare da haidurosalfait. Jabel kuwa yakan mayar da nailan rawaya ya kuma raunana shi. Kamfanin Aquafil na Italiya na wargaza tsofaffin komar kamun kifi da kafet na nailan a masana'antarsa ta Sulobeniya, ya tsarkake sinadarin, ya sake haɗa zaren da yake sayarwa da sunan Econyl.

Akwai launukan da jiƙo ba ya fitarwa ko da wane sinadari ne. Polifirofilin ba ya karɓar rini, sai dai a zuba garin launi a cikin narkakkiyar robar kafin a ja zaren. Haka ake yi wa wani baƙin poliyesta, da garin baƙin kabon. Garin launi ba ya narkewa, kuma ƙwayoyinsa sun fi sararin da ke cikin zaren girma. Hanya ɗaya ita ce a narkar da polimar ko a wargaza ta, sannan a tace. Rubutun da aka buga da fenti mai danko a bayan riga shi ma wani abu ne daban: a saman yadin yake, kuma ɓamɓarewa yake yi ko narkewa, ya bar tabo.

Haɗari ga lafiya da muhalli

Kusan duk sinadaran da ke da ƙarfin shiga poliyesta suna da ƙarfin shiga jikin mutum. DMF na ratsa fata da huhu yana lalata hanta, kuma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. DMF da NMP duka suna iya cutar da ɗan tayi. Tarayyar Turai ta ƙayyade amfani da NMP daga 2020, da DMF daga ƙarshen 2023. Tururin daikulorometan ya kashe mutanen da ke goge fenti a rufaffen ɗaki, abin da ya sa Amurka ta hana sayar wa jama'a magogin fenti mai ɗauke da shi a 2019. DMSO bai kai su guba ba, amma yana ratsa fata da sauri, ya tafi da abin da ya narkar.

Etilin gilaikol ba shi da launi, yana da zaƙi, kuma yana kashe ƙoda idan aka sha. Shi da ɗan'uwansa dayetilin gilaikol ne aka gano a magungunan tarin da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Zuba irin wannan sinadari a gorar ruwa ko ta lemo a gida haɗari ne babba ga yara.

Rinin da aka fitar shi ma shara ce mai guba. Da yawa daga rinin watse na dangin azo ne, kuma idan aka farfasa wasunsu sukan saki sinadaran da ke haddasa kansa. Tun 2002 Tarayyar Turai ta hana irin waɗannan a tufafin da ke taɓa fata. Wasu kuma, musamman cikin shuɗi da ruwan lemo, an san su da haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje. Zubar da ragowar tukunya a kwata ko a rami na iya kai su ga rijiyoyi.

Alaƙar batun da kasuwannin gwanjo

Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya ƙiyasta cewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na kayan da ake yin tufafi da su ne ke komawa sababbin tufafi. Poliyestan da ake tallatawa a matsayin wanda aka sake sarrafawa kusan dukkansa daga gorunan ruwa yake, domin gora ba ta da rini, ba ta da auduga, ba ta da zif. Tsohuwar riga kuwa tana da duka ukun.

Sakamakon haka, abin da Turai da Amurka da Asiya suka tattara na tsofaffin kaya, babban kaso nasa dila ake ɗaurewa a turo. Kayan kan sauka a kasuwanni irin su Kantamanto a Akara, Hédzranawoé a Lome da Mokolo a Yawunde, daga nan ƴan kasuwa su haura da su arewa. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a Kantamanto ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shiga kasuwar kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na fita a matsayin shara. Ɗan gwanjon da ya sayi dila a rufe shi ke ɗaukar hasarar abin da bai sayu ba, birnin kuma ya ɗauki nauyin sharar. Poliyesta ba ya ruɓewa kamar auduga: yana toshe magudanan ruwa, yana taruwa a bakin teku, idan aka ƙona shi kuma ya ba da baƙin hayaƙi.

Faransa ta daɗe da dokar da ke tilasta wa masu sayar da tufafi biyan kuɗin kula da su bayan sun tsufa, kuma daga 1 ga Janairun 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta tattara tsofaffin tufafi daban da sauran shara. Tattarawa ta ƙaru, amma masana'antun da za su cire rini su mayar da kayan zare ba su kai yawan da ake buƙata ba. Inda rarar za ta nufa ya danganta da yadda farashin wannan aiki zai sauka.

Abin da tela, marini da mai wanki za su riƙe

Kafin a taɓa launin yadi, a fara gane irin zarensa. Idan babu tambari, akan zare ƴan silla a kusanta su da wuta a wuri mai iska. Auduga na ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Poliyesta da nailan kuwa tsukewa suke yi su narke, su bar dunƙule mai tauri. Yadin da ya bar toka da dunƙule tare gauraye ne, kuma idan aka sa masa jabel audugar ce kaɗai za ta koɗe, launin ya fito wake-wake.

Tabon da wata riga ta zuba wa farin poliyesta a wankin ruwan sanyi yawanci a bayan zaren yake, kuma yakan fita da sabulu da ruwan ɗumi idan aka yi hanzari. Guga mai zafi kafin tabon ya fita na iya tura shi ciki. Asalin launin yadin kuwa ba ya fita da kayan gida. Fetur da kananzir da tina ba sa fitar da shi, sai dai su jawo gobara, kuma ɗora kowane ruwan narkarwa a kan murhu ko risho ganganci ne da rai. Kada a haɗa jabel da asid ko ruwan wanke batir ko wani maganin wanki, domin haɗin na fitar da iska mai shaƙe numfashi. Haidurosalfait kuma a ajiye shi a rufe a busasshen wuri, domin danshi na sa shi ɗaukar zafi har ya kama wuta.

Wanda launin yadinsa na roba bai yi masa ba, abin da zai yiwu a ƙaramar marina shi ne a ƙara masa duhu da rinin da aka yi domin poliyesta, a tafasasshen ruwa, na tsawon lokaci. Ja na iya komawa ruwan ƙasa, shuɗi ya koma baƙi-baƙi. Mayar da shi fari aikin masana'anta ne mai rufaffun tukwane, da na'urar tare tururi, da wurin zubar da ragowar rinin.